Lamba 1: Nasara Ce Ko Faɗuwa?

Yau za mu leƙa can ƙasan Linux, inda KVM yake zaune.

Ga wanda bai san shi ba, KVM shi ne ɓangaren da ke ba kwamfuta ɗaya damar ɗaukar wasu kwamfutocin na gaibu a cikinta. Ya shiga Linux a shekarar 2007, kuma yawanci tare da QEMU yake aiki, manhajar da Fabrice Bellard ya fara. Idan ya samu matsala, duk kwamfutocin da ke kansa za su ji a jikinsu. Shi ya sa aka yi kvm-unit-tests: ƙananan manhajoji da ake tayarwa a matsayin baƙi, kowacce ta gwada abu guda, ta faɗi sakamako, ta mutu.

To ga inda gizo ke saƙar. Baƙon nan a kulle yake, ta yaya zai sanar da na waje ya ci ko ya faɗi? A injinan x86 akwai wata 'yar ƙofa ta musamman da yake rubuta lamba a kai, sai QEMU ya ninka lambar sau biyu, ya ƙara ɗaya, ya fita da ita. Nasara sifili ce, don haka sai ta fito a matsayin 1. Amma shi kansa QEMU, in ya kasa tashi, da 1 ɗin yake fita! Ka ga ke nan gwajin da ko farawa bai yi ba zai iya shigowa da rigar wanda ya ci. Wallahi ni wannan ya fi tsorata ni a kan gwajin da ya faɗi ƙiri-ƙiri.

Maganin da aka yi: idan 1 ta fito, a duba ko QEMU ya yi wani ƙorafi a gefe. In ya yi, ba nasara ba ce. Aka kuma ware SKIP daban da PASS da FAIL, don injin da ba shi da abin da ake son gwadawa. Wanda ya maƙale kuwa, ana yanke shi idan wa'adinsa ya cika, a rubuta cewa lokaci ne ya ƙare masa. Cikakken bayanin kowane gwaji yana fayil ɗinsa, a allo layi ɗaya kawai za ka gani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.