Ma'aunin Gwaninta a Wasan Ƙwallon Tebur na Mata

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1988, lokacin da aka shigar da ƙwallon tebur cikin gasar Olamfik, ba a taɓa samun macen da ba 'yar ƙasar Sin ba ta ci lambar zinariya a wasan ɗaiɗaiku. Saboda haka muhawarar masu bin wannan wasa ta fi karkata ga tantance wadda ta fi cikin 'yan wasan ƙasar. Wannan maƙala za ta dubi uku daga cikinsu, watau Chen Meng da Wang Manyu da Sun Yingsha, domin a ga irin ma'aunin da ya kamata a ɗora su a kai.

Ma'auni na Farko: Jerin Matsayi

Hukumar ƙwallon tebur ta duniya takan fitar da jerin matsayi kowane mako. Ana tara wa 'yar wasa maki ne daga sakamako takwas mafi kyau da ta samu cikin watanni 12. Wannan ma'auni yana nuna ɗorewa, domin sai wadda ta yawaita halartar gasa, kuma ta yawaita kaiwa ƙarshe, za ta hau kansa. Sun Yingsha, wadda aka haifa a 2000, ta hau matsayi na ɗaya a 2022, kuma a kansa ta je Paris a 2024. Sai dai jerin ba ya bambanta wadda ta gaza da wadda ta zauna a gida. Alal misali, a watan Disamba na 2024 Chen Meng ta janye sunanta daga jerin, watanni kaɗan bayan ta ci zinariya.

Ma'auni na Biyu: Ranar Babban Karo

A manyan gasanni ana yin turmi bakwai, kowane turmi maki 11, wadda ta riga cin turmi huɗu ita ke da nasara. Tsakanin 2021 da 2025 an yi manyan wasannin ƙarshe guda biyar. A Olamfik ta Tokyo, 2021, Chen ta doke Sun da ci 4 da 2. A gasar duniya ta Houston, cikin shekarar dai, Wang ta doke Sun da 4 da 2. A Durban, 2023, Sun ta rama a kan Chen da 4 da 2. A Paris, 2024, Chen ta sake kayar da Sun da 4 da 2. Sannan a Doha, 2025, Sun ta sha da ƙyar a hannun Wang da 4 da 3.

Idan aka lura, Sun ce kaɗai ta bayyana a dukkan biyar ɗin, amma biyu ta ci. Chen ta bayyana sau uku, ta ci biyu, kuma biyun nan su ne mafi daraja, waɗanda suka sanya ta sahu ɗaya da Deng Yaping da Zhang Yining, matan da suka ci zinariyar ɗaiɗaiku sau biyu a jere.

Ma'auni na Uku: Salon Wasa

Dalilin wannan saɓani yana cikin salo. Sun tana tsayawa dab da tebur, tana tarar ƙwallo da wuri, ƙarfinta kuwa yana ga bugun gaban hannu. Da wannan sauri ta share Ito Mima ta Japan a Tokyo, da Hayata Hina a Paris, kowacce 4 da nema a wasan kusa da na ƙarshe. Chen, wadda aka haifa a 1994, 'yar haƙuri ce. Bugun bayan hannunta yana da nauyi, ba ta cika kuskure ba, takan ja musayar ƙwallo har abokiyar karawa ta ƙosa. Wang kuwa doguwa ce, hannunta yana kaiwa kusurwoyin da sauran ba sa kaiwa. Daɗin daɗawa, su ukun sun yi atisaye tare, kowacce ta san lagon 'yar'uwarta. Shi ya sa saurin da ke rikita baƙuwa ba lallai ya rikita 'yar gida ba.

Kammalawa

Wannan awo yana da nauyi ga rayuwar 'yan wasan, domin tun daga 2012 gurbi biyu kacal ake ba kowace ƙasa a wasan ɗaiɗaiku na Olamfik. Liu Shiwen tana matsayi na ɗaya a duniya a 2016, amma aka ba Ding Ning da Li Xiaoxia guraben Rio. Wang ma, duk da kambin Houston, ba ta samu gurbin ɗaiɗaiku a Paris ba. A taƙaice, jerin matsayi yana faɗin wadda ta fi ɗorewa cikin shekara, babban karo yana faɗin wadda ta fi natsuwa a rana ɗaya. Ta fuskar farko Sun Yingsha ce gaba a waɗannan shekaru, ta fuska ta biyu kuwa Chen Meng ta riƙe abin da Sun ta nema sau biyu ba ta samu ba.