Neman Haƙƙi Ba Tare Da Ɓarna Ba

Ranar 1 ga Agustan 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta koma wawaso a birnin Kano. Dokar hana fita ta biyo baya a faɗin jihar, har ta shafi manomin Achika da ke Wudil.

Masana biyu a Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun nazarci gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006. Ta lumana ta yi nasara da kashi 53 cikin ɗari, ta makami kashi 26 kacal, domin lumana ce ke ba mata da dattawa damar shiga.

Shari'a ta riga ta shata hanya: a gaya wa shugaba gaskiya, amma dukiyar ɗan'uwa haramun ce. Allah Ya ba mu shugabanni adalai, amin.