Labarin Manu Garba, Malamin Samari a Fagen Tamaula

Duk wanda ya bar Kano da la'asar, ya ratsa ƙasar Bebeji, ya karya kwana a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ya nufi Tudun Wada da Doguwa, da wuya ya wuce gari bai ga yara sun kafa duwatsu biyu a fili suna bin ƙwallo cikin ƙura ba. Wasan nan ya shigo ƙasarmu ya zauna, ba kuwa alamar zai tashi. Ɗan kasuwa na cigiyar ɗansa da ya bar wa rumfa, malami na cigiyar almajirinsa, amsar da za a ba su kuwa ɗaya ce, watau yana filin tamaula. Tun da haka ne, ya kamata malamai da fatake su san wane ne ke karɓar yaran nan in sun yi nisa, da abin da yake yi da su, da kuma abin da aikinsa ke bukata daga gare mu. Shi ya sa yau muka kawo muku labarin Manu Garba, mutumin Gombe, wanda ya ciwo wa Nijeriya kofin duniya na samari 'yan ƙasa da shekara 17.

Mai horar da 'yan wasa, wanda yara ke kira koci, ba ya shiga fili ranar wasa. Aikinsa uku ne: ya zaɓi yara daga cikin taro mai yawa, ya ajiye kowa a gurbin da ya dace da shi cikin mutum 11, sa'an nan ya ladabtar da su har su riƙa motsi tamkar jiki guda. Duk wanda ya taɓa riƙon yara ya san na ukun nan shi ne mai wuya.

Manu Garba bai fara da shugabanci ba, sai da ya ɗauki jakar wani. A shekarar 1985 Nijeriya ta fara cin kofin samari a ƙasar Sin, ta sake ci a Japan a 1993, daga nan aka yi shekara 14 ana nema ba a samu ba. A 2007 aka tafi Koriya ta Kudu ƙarƙashin wani dattijo mai suna Yemi Tella, Manu Garba yana cikin mataimakansa. Suka ka da Sifen a wasan ƙarshe da bugun fenareti, suka dawo da kofi. Tella ya yi aikin nan ne yana fama da ciwo, bai kuwa yi wata biyu da dawowa ba ya rasu. A hannunsa Manu Garba ya ga yadda ake tafiyar da samari tun daga zaɓe har ɗaukar kofi.

Da aka danƙa masa ragama, sai ya tara yaransa a Kalaba cikin 2012 da 2013, inda gwamnan Kuros Riba na lokacin, Liyel Imoke, ya ɗauki nauyin masaukinsu. Ya haɗa Bahaushe da Bayarbe da Ibo da sauran ƙabilu wuri guda, ci tare, kwana tare, atisaye tare, wata da watanni. Bai kuma yi aikin shi kaɗai ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga cikin mataimakansa akwai Emmanuel Amuneke, da Nduka Ugbade, wanda shi ne kyaftin ɗin yaran da suka ci kofin 1985. Kyaftin ɗin tasa ƙungiyar kuwa yaro ne ɗan Kano, Musa Muhammed.

Farkon fitarsu ba ta zo da abin da ake so ba. A watan Afrilu na 2013 suka je gasar Afirka a Maroko, suka kai wasan ƙarshe, Kwaddibuwa ta ka da su da bugun fenareti. Wani malamin da sai ya watsar da yaran ya nemo sababbi. Shi kuwa ya riƙe da yawa daga cikinsu, ya koma da su Kalaba ya ci gaba da gyara.

A watan Oktoba suka sauka Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa don gasar duniya. Suka ci Meziko 6 da 1, suka yi kunnen doki 3 da 3 da Suwidin, suka ci Iraƙi 5 ba ko ɗaya. Suka fid da Iran 4 da 1, da Yurugwai 2 ba ko ɗaya, suka sake gamuwa da Suwidin suka ci ta 3 ba ko ɗaya. Ranar 8 ga Nuwamba, a birnin Abu Dabi, suka kuma haɗuwa da Meziko a wasan ƙarshe, suka ci ta 3 ba ko ɗaya, ƙwallo ta ukun kuwa ɗan Kano ne ya jefa ta da bugun tazara. To, ɗan kasuwa ya yi lissafi: wasa 7, sun jefa 26, an jefa musu 5 kacal. Aka zaɓi Kelechi Iheanacho gwarzon gasa, aka zaɓi Dele Alampasu gwanin masu tsaron gida, aka kuma ba ƙungiyar kyautar ladabi a fili. Wannan ta ƙarshe ita ce shaidar mai tarbiyya, domin ƙarfi da gudu daga halitta suke, amma ladabi sai an koya.

Ba a nan ya tsaya ba. A watan Maris na 2015 ya ɗauki da yawa daga cikin yaran nan zuwa gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Sanigal, suka ci masu masaukin baƙi 1 ba ko ɗaya a Dakar suka ɗauki kofi. A shekarar kuma mataimakinsa na dā, Amuneke, ya ciwo kofin duniya na samari a ƙasar Cile, ya zama na biyar ga Nijeriya. Yadda ya koya a hannun Tella, haka aka koya a hannunsa. Daga cikin yaransa, Iheanacho ya tafi Ingila har ya ci kofi da ƙungiyar Leicester a 2021, Taiwo Awoniyi ya yi wasa a Jamus da Ingila. Francis Uzoho kuwa, wanda a 2013 yana benci yana jiran layi, shi ne ya tsare wa babbar ƙungiyar Nijeriya gida a gasar duniya ta Rasha a 2018.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba, kuma a nan ne maganar ta shafe mu. Tun daga gasar 2009, wadda aka yi a Nijeriya har aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, hukumar ƙwallo ta duniya ta soma auna shekarun yara da na'urar hoton ƙashi. Likita zai ɗauki hoton wuyan hannun yaro, ya dubi wata gaɓa da ƙashi ke tsiro daga gare ta. Muddin yaro na girma gaɓar a buɗe take, in ta haɗe sarai sai a ɗauka ya wuce 17, a cire shi. A 2016, bayan an mai da Manu Garba kan ƙungiyar samari, ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar, aka auna yaran da ya tara, 26 suka faɗi. Aikin watanni ya rushe cikin 'yan kwanaki. Da ragowar ya ci Nijar 1 ba ko ɗaya a Abuja, aka je Yamai aka ci su 3 da 1. Masu riƙe da kofin duniya suka kasa ko zuwa gasar Afirka, Nijar kuwa ta wuce har gasar duniya a Indiya a 2017, karonta na farko. A 2019 ya sake kai yara Burazil, inda wani ɗan Kano, Ibrahim Sa'id, ya jefa wa Ikwado uku shi kaɗai, amma Holan ta fid da su 3 da 1 a zagaye na biyu.

Ba duk yaron da ya faɗi awo ne maƙaryaci ba, gama ƙashin wani yakan riga na wani haɗewa, wani kuma shi kansa bai san shekarunsa ba, don ba a rubuta ranar haihuwarsa ba. Amma akwai waɗanda aka rage wa shekaru da gangan, da sanin manyansu. Mai yin haka ya ci haƙƙin ƙaramin yaron da aka hana gurbi, ya kuma cuci nasa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai horarwa, komai gwanintarsa, abin da aka kawo masa daga gida da shi zai yi aiki.

Saboda haka, jama'a, ga abin da ke wuyanmu. Na farko, a rubuta ranar haihuwar kowane yaro, a karɓar masa takarda daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yana jariri. Na biyu, kada a sayar da gona ko sa a miƙa wa dillalin da ya zo da alkawarin kai yaro Turai in an gyara masa shekaru. Na uku, kada ƙwallo ta raba yaro da karatu da sana'a. Yara 21 aka kai Abu Dabi daga Nijeriya duka, cikinsu ma 'yan kaɗan ne suka shahara daga baya, ƙafa kuwa takan karye rana ɗaya. Wanda Allah ya ba baiwar wasa a bar shi ya yi, amma ya yi da allonsa da littafinsa da shekarunsa na gaskiya. In ya kai hannun malami irin Manu Garba, ya kai a shirye. In bai kai ba, bai yi asarar kome ba.

Allah ya shirya mana zuriya. Haza wasalam.