Lambar SpO2 A Agogon Hannu: Abin Da Take Nunawa Da Abin Da Take Ɓoyewa

Agogunan zamani irin su Oraimo da Galaxy Watch suna nuna wata lamba mai suna SpO2, wato yawan iskar oksijin da jini yake ɗauke da ita. Ga mai lafiya, takan tsaya tsakanin 95 da 100.

Idan mutum ya shaƙi numfashi, oksijin na ratsa huhu ta shiga jini, sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini ya kai ta ko'ina a jiki. A dawowa, jinin yakan kwaso iskar kabon dayokzaid, huhu ya fitar da ita. Agogon yana haska fata ne da jan haske, ya lissafa oksijin daga hasken da ya dawo masa.

Sai dai akwai inda ake yaudararsa. Lokacin hunturu a Makarfi, Ikara da Kudan, wasu kan shiga ɗaki da kaskon gawayi, ko su kunna janareta dab da taga. Iskar kabon monokzaid da ke fitowa ba ta da launi ko wari, kuma tana manne wa himogulobin fiye da oksijin sau 200. Na'urar ba ta bambance su, don haka tana iya nuna 98 alhali mutum yana cikin haɗari.

Wanda ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya kusa da hayaƙi, ya fita sarari nan take, a kai shi asibiti, ko da agogon ya ce lafiya ƙalau.