Kada Ka Bari a Cire wa Motarka Indomi

Wanda ya taɓa jiran mota a Kwanar Ɗangora ya san warin hayaƙin motocin da ke karyawa ta Tudun Wada da Doguwa, su ratsa dajin Falgore su nufi Jos. Wani warin na tsufan inji ne, wani kuwa don an yi wa motar fashin abin da makanikai ke kira indomi.

Indomi wata tukunya ce a jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma, an shafe ramukanta da 'yan giram kaɗan na ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ta, ƙarafan kan juya gubarsa ta koma tururin ruwa da iska mai sauƙin illa, su kuwa ba sa ƙonewa. Amurka ta fara sa ta a motoci a 1975.

Tsadar ƙarafan ce ta ja mata farauta. Kusan kashi 70 cikin 100 na filatinam ɗin duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, Rasha kuma tana gaba wajen faladiyam. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, oza ɗaya ta faladiyam ta haura dala 3,000. Tun a 2020 kamfanin BASF na Jamus, tare da Sibanye-Stillwater da Impala Platinum, ya fito da sabon haɗi da ke maye wani kaso na faladiyam da filatinam a motocin fetur. Tarayyar Turai ma ta amince da dokar hayaƙi ta Euro 7 a 2024.

Can ana ƙara inganta ta, nan muna fasa ta mu sayar wa 'yan gwangwan. Wasu makanikan kan ce tana shaƙe inji. Gaskiya takan toshe, amma galibi laifin filogi ne da ya mutu, ko inji mai shan baƙin mai, ko gurɓataccen fetur. Cire ta ba ya gyara ko ɗaya, sai ma motar ta ƙara ƙara da wari.

In za ka sayi mota 'yar Kwatano, sa a leƙa maka ƙarƙashinta. In ka kai gareji, ka duba kafin ka tafi. Hayaƙin da ka saki, mai rake da 'yar talla da ke bakin titi ne za su shaƙa.