Daidaita Na'urar Tuƙa Keke a Ɗaki: Me Ya Sa Ake Fara Ɗumama Ta?

Gabatarwa

A hutun damina da ya wuce, ruwan sama ya hana ni fita da keke, sai na koma motsa jiki a kan na'urar yayana, wadda ake kafa keke a kanta a tuƙa a cikin ɗaki. Bayan mako guda sai lambar da ke nuna ƙarfina ta yi sama, har na fara cika baki. Da yayana ya duba sai ya ce ƙarfina na nan yadda yake, na'urar ce na daidaita tana sanyi. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wannan kuskure.

Yadda Na'urar Take Awo

Ana auna ƙarfin mai tuƙi da ma'aunin da ake kira wat. Na'urorin iri biyu ne. Akwai wadda tayar baya ke gogar wani ƙarfe mai juyawa, akwai kuma wadda ake cire tayar baya a ɗora sarƙar keken a kanta kai tsaye. A irin ta farko, masu ƙerawa kan ce kuskuren awo yana kaiwa kashi 3 zuwa 5 cikin 100, a ta biyun kuwa kashi 1 zuwa 2. Ke nan mai buga wat 200 yana iya ganin 190 ko 210 idan kuskuren kashi 5 ne.

Ba duk ƙarfin ƙafa ne ke isa wurin awo ba. Wani yana salwanta a gugar taya da bel da boris. Dole na'urar ta san yawan abin da ya salwanta don ta mayar da shi cikin lissafi. Sanar da ita wannan shi ne daidaitawa.

Yadda Ake Daidaitawa

Da farko a buga wa taya iska daidai da na kullum, a ɗaure ƙarfen da ke gogar ta kamar yadda aka saba. Sai a tuƙa na kimanin minti 10. Daga nan a buɗe manhajar waya, a ƙara gudu zuwa inda ta nema, misali kilomita 36 a awa a na'urorin Wahoo, sannan a daina buga feda. Na'urar za ta ƙirga lokacin da gudun ya ɗauka kafin ya ragu. Idan ya ragu da wuri, guga ta yi yawa ke nan.

Amfanin Ɗumamawa

Roba mai sanyi tana da tauri, haka giris mai sanyi yana da kauri, don haka guga ta fi yawa a farkon tuƙi. Wanda ya daidaita a lokacin ya gaya wa na'ura cewa asara tana da yawa. Da ta yi zafi sai gugar ta ragu, amma ita tana ci gaba da ƙara masa wat ɗin da bai buga ba. Abin da ya same ni ke nan.

Lamarin ya wuce wasa. A shekarar 2020 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko a manhajar Zwift, inda Ashleigh Moolman Pasio ta Afirka ta Kudu ta lashe ɓangaren mata. A irin wannan gasa, na'ura mai ƙarin awo tamkar mudun algus ce a kasuwa. Wasu na'urori kuwa, irin su Tacx Neo, an ƙera su ba sa buƙatar daidaitawa.

Kammalawa

Mai karatu, idan taya ce ke gogar na'urarka, ka ɗumama ta kafin ka daidaita, kuma ka sake duk lokacin da ka taɓa iskar taya. Ni dai da na yi haka lambata ta sauko, amma yanzu idan ta hau na san gumina ne.