Hoton nono tun kafin ciwo: riba da hasara

Matan ma'aikata da na ƴan kasuwa masu hali sukan tambayi wani awo da likitoci ke kira mamogarafi, wato hoton radiyo da ake ɗauka bayan an matse nono tsakanin faranti biyu. Ana yin sa ga mace mai lafiya, wadda ba ta ji ko ƙullutu ba, don a gano sankara tun tana ƙarama. Shin yana ceton rai?

An daɗe ana gardama. A 1963 aka soma gwaji a birnin Niyok na Amurka kan mata wajen 62.000. Suwidin ta bi baya a 1977, kuma a 1985 masananta suka bayyana cewa mutuwa ta ragu da kimanin kashi 30 cikin 100 ga waɗanda aka gayyata awon. Masanan Kanada kuwa, bayan bin diddigi na shekara 25, suka ce a 2014 ba su ga bambanci ba.

Lissafin da ɗan kasuwa zai fi ganewa shi ne na wani kwamitin Ingila a 2012. In aka gayyaci mata 10.000 masu shekara 50, aka riƙa auna su tsawon shekara 20, za a tsirar da 43 daga mutuwa. Amma 129 za su sha fiɗa ko magani a kan sankarar da, da ba a gano ta ba, ba za ta taɓa damunsu ba. Likita ba ya iya tantance wacce ce za ta kwanta, wacce ce za ta tashi, don haka duka yake yi wa magani. Riba akwai ta, sai dai ba kyauta ba ce.

Faransa, wadda tun 2004 take kiran mata ƴan shekara 50 zuwa 74 kowace shekara 2, tana da abin da ke biyo bayan hoto: awon tsoka, fiɗa, magani. Mu kuwa sai a 2021 aka fara gashin sankara da na'ura a Yamai, kuma tsakanin Damagaram da can akwai kusan kilomita 900. Hoto kaɗai bai taɓa warkar da kowa ba.

Damuwarmu ta farko, a ganina, ita ce matar da ta riga ta ji ƙullutu da hannunta, ta ɓoye don kunya, ko maigida ya ce a bari sai bayan kaka. Don irinta ne hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa wa'adi a shirinta na 2021: daga ranar da ta fara zuwa likita, a kammala tantance ciwonta cikin kwana 60.